Man bishiyar turare

Man bishiyar turare, wanda kuma ake kira man yukaliftus, wani tataccen mai ne mai ƙarfin ƙamshi da ake samu daga ganyen itatuwan jinsin *Eucalyptus* ta hanyar ratsa ganyen da tururi. Man yana da tsinkewa kamar ruwa, wani garai-garai, wani kuma da ɗan launin ɗorawa. Ƙamshinsa ya yi kusa da na kafur, kuma yakan sa mutum ya ji sanyi a hanci idan ya shaƙa. Babban sinadarin da ke cikinsa shi ne sineyol, wanda ake kuma ce wa yukaliftol. A gida ana amfani da shi wajen shaƙa da sirace lokacin mura, da shafawa a jiki bayan an sirka shi da wani man, da kuma ƙamsasa ɗaki. Ana samun sa kaɗan-kaɗan a cikin mantaleta, da alewar tari, da ruwan kurkure baki.

Duk da cewa daga tsiro yake, man guba ne idan aka sha shi tsagwaronsa. Abin da bai kai cikin cokalin shayi ɗaya ba yana iya gusar da hankalin ƙaramin yaro. Don haka hukumomin magunguna suka bambanta tsakanin ganyen da man da aka tatsa daga gare shi, da kuma tsakanin shaƙa da sha.

## Suna

A ƙasar Hausa ana kiran itaciyar da sunan turare ko bishiyar turare, saboda ƙamshin da ganyenta ke fitarwa idan aka murza shi. A wasu wurare kuma ana ce mata zaiti. Sunayen biyu duk suna iya kawo ruɗani. Kalmar turare ta ƙunshi turaren wuta da na fesawa da na shafawa, don haka idan aka ce "man turare" kawai, mai saurare na iya ɗauka man ƙamshin jiki ake nufi. Shi kuma sunan zaiti ya yi kama da zaitun, alhali babu dangantaka tsakanin itatuwan biyu: man zaitun abinci ne da ake sha ana girki da shi, man zaiti kuwa ba a shan sa.

Sunan kimiyya na *Eucalyptus* daga harshen Girkanci aka ƙera shi, daga kalmar *eu* mai ma'anar "sosai" da *kalyptos* mai ma'anar "rufaffe". Ana nuni ne ga ɗan murfin da ke rufe furen itaciyar kafin ya buɗe. Masanin tsirrai ɗan Faransa Charles Louis L'Héritier ne ya raɗa sunan a ƙarshen shekarun 1780, bayan ya yi nazarin wani reshe da aka ɗebo daga tsibirin Tasmaniya a shekarar 1777, lokacin tafiya ta uku ta Kyaftin James Cook.

## Itaciyar

Jinsin *Eucalyptus* yana da ire-ire fiye da 700, kuma kusan dukkansu asalinsu daga Ostireliya ne. Yana cikin dangin tsirrai na Myrtaceae, dangi ɗaya da gwaba da kanumfari. Man yana taruwa ne a cikin wasu ƙananan aljifai da ke jikin ganyen, waɗanda ake iya hangowa kamar ɗige-ɗige idan aka ɗaga ganyen aka duba shi ta hasken rana.

Saboda saurin girmanta, an kai itaciyar ƙasashe da yawa a ƙarni na 19 da na 20. An shigar da ita Habasha a zamanin Sarki Menelik na Biyu, a shekarun 1890, don samar da itacen girki da na gini ga birnin Addis Ababa. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, irin da aka fi shukawa shi ne *Eucalyptus camaldulensis*, wanda ke jure fari. Ana ganin sa a shingayen itatuwa da aka dasa don tare iska da kwararowar hamada a jihohi irin su Kano da Jigawa, da dajin Afaka kusa da Kaduna, da tsofaffin filayen haƙar kuza na Jos. Galibi don itace da turakun gini da inuwa ake shuka ta a waɗannan wurare. Yawan sineyol da ke cikin man wannan iri yana bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri, shi ya sa masana'antun magani suka fi dogara da wasu ire-iren.

## Tarihi

Mutanen asali na Ostireliya sun daɗe suna jiƙa ganyen suna maganin mura da zazzaɓi da ciwon jiki. A shekarar 1788, likitoci biyu da suka zo tare da ayarin jiragen ruwa na farko na Birtaniya, John White da Dennis Considen, sun tatsi mai daga irin *Eucalyptus piperita* a yankin da birnin Sidni yake a yau, suka yi wa mutanensu magani da shi.

Sana'ar tatsar man don sayarwa ta fara ne a shekarar 1852, lokacin da wani mai haɗa magunguna na birnin Malbon, Joseph Bosisto, ya kafa tukunyar tatsa a jihar Biktoriya, bisa ƙarfafawar masanin tsirrai Ferdinand von Mueller. A shekarar 1870 masanin sinadarai ɗan Faransa François Cloez ya ware babban sinadarin man, ya sa masa suna yukaliftol. Ostireliya ce ta riƙe kasuwar man har zuwa tsakiyar ƙarni na 20. A yau ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawansa, sai ƙasashe irin su Afirka ta Kudu, Fotugal, Sifaniya, Birazil da ita Ostireliyar.

Amfani da tatattun mayuka masu ƙamshi don neman sauƙin jiki, wanda ake kira aromatarafi, ya samo sunansa ne daga littafin da masanin sinadarai ɗan Faransa René-Maurice Gattefossé ya wallafa a shekarar 1937. Man bishiyar turare na cikin waɗanda aka fi saye a wannan fanni, saboda arharsa da kuma sanin da mutane suka yi masa a magungunan mura.

## Yadda ake tatsar man

Ana cika babbar tukunya da ganye da ƙananan rassa, sannan a tura tururi ya ratsa ta cikinsu. Zafin yakan fasa aljifan man, man ya tashi tare da tururin. Daga nan sai a bi da tururin ta cikin bututu mai sanyi, ya koma ruwa. Da yake man bai kai ruwa nauyi ba, kuma ba ya narkewa a cikinsa, sai ya taso sama a kwashe. Man da za a yi magani da shi akan sake tace shi, don a rage wasu sinadarai masu sa tari da ƙaiƙayin maƙogwaro.

Kilo 100 na ɗanyen ganye bai cika ba da abin da ya wuce kilo 1 zuwa 3 na mai ba. Wato ƙaramar kwalba mai mililita 10 tana ɗauke da man ganyen da ya kai kusan rabin kilo. Wannan shi ne babban bambancin da ke tsakanin tafasa ganye kaɗan a tukunya da zuba man kwalba: abu ɗaya ne, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

## Sinadarai da ire-ire

Sineyol sinadari ne da ya ƙunshi ƙwayoyin kabon 10, haidirojin 18 da oksijin 1. Yana tafasa a kusan digiri 176 na ma'aunin Salshiyas, amma yana tashi a iska ko da a zafin ɗaki, shi ya sa ƙamshinsa ke cika wuri da zarar an buɗe kwalba. Ana samun sa a wasu tsirran ma, amma ba da yawan da yake a nan ba.

A kasuwa an kasa man gida uku:

- Na magani. Shi ne mai yawan sineyol. Ƙa'idar littattafan magunguna na Birtaniya da na Turai ita ce kada sineyol ya gaza kashi 70 cikin 100. An fi tatsar sa daga *Eucalyptus globulus*, sai kuma *Eucalyptus polybractea* wanda sineyol ɗinsa kan haura kashi 80.
- Na ƙamshi. Fitacce a nan shi ne man irin da ke ƙamshin lemun tsami, wanda a da ake kira *Eucalyptus citriodora*, amma tun 1995 aka mayar da shi jinsin *Corymbia*. Babban sinadarinsa sitironelal ne, ba sineyol ba. Ana sa shi a sabulu da turare.
- Na masana'antu. Irin na *Eucalyptus dives*, mai sinadarin fiferiton, wanda aka yi amfani da shi wajen haɗa mantol.

Saboda wannan bambanci, kwalabe biyu da aka rubuta wa suna ɗaya na iya zama abubuwa daban. Sunan kimiyya da ke jikin kwalba shi ne ke nuna wane iri ne.

## Hanyoyin amfani a gida

### Shaƙa

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗiga ɗigo 1 ko 2 a hankici ko auduga, a riƙa shaƙa daga ɗan nesa, ba tare da man ya taɓa hanci ko ido ba. Ba a ɗiga man a cikin hanci.

### Sirace

Sirace daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar Hausa, inda ake tafasa ganyaye irin su na turare, darbejiya, gwaba ko mangwaro, mara lafiya ya lulluɓa da mayafi ya shaƙi tururin. Masu amfani da man kwalba sukan yi kwatankwacin haka da ruwan zafi a kwano. Abin da aka saba shawartar manya shi ne ɗigo 3 zuwa 6, ido a rufe, na 'yan mintuna. Babban haɗarin wannan hanya shi ne ƙuna, musamman ga yara, idan kwanon ya kife. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, likitocin asibitin yara na Birmingham a Ingila sun ba da rahoton ƙaruwar yaran da ruwan sirace ya ƙona, har ninki 30 a kan yadda aka saba gani.

### Na'urar watsa ƙamshi

Wannan ƙaramar na'ura ce mai aiki da lantarki, wadda ake zuba wa ruwa da ɗigon mai kaɗan, ita kuma ta riƙa fesa shi cikin iska kamar hazo. Masu koyar da aromatarafi sukan ba da shawarar a kunna ta na minti 30 zuwa awa ɗaya sannan a kashe, kuma a bar taga a buɗe. Barin ta tana aiki dare guda a rufaffen ɗaki na iya jawo ciwon kai, tari da raɗaɗin ido. Ba a zuba man a kan garwashin kasko kamar turaren wuta, domin yana kama wuta: tururinsa na iya kamawa tun daga zafin kusan digiri 49.

### Shafawa

Ba a shafa tsagwaron man a fata. Akan sirka shi da man kwakwa, man zaitun, man riɗi ko narkakken man kaɗanya. Ga manya, ma'aunin da aka saba shi ne kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato kusan ɗigo 1 zuwa 2 a cikin cokalin shayi ɗaya na man sirki, tun da mililita ɗaya yana ɗaukar kusan ɗigo 20, cokalin shayi kuma mililita 5 ne. Ana shafa shi a ƙirji ko baya lokacin mura, ko a wurin da tsoka ke ciwo. Kafin a shafa a wuri mai faɗi, akan gwada kaɗan a cikin dantse a jira kwana ɗaya, don a ga ko fata za ta yi ja ko ƙaiƙayi. Ba a sa shi a kan rauni, ƙuna ko kusa da ido.

Mayukan shafawa na kanti, irin su Vicks VapoRub da Robb, sun riga sun zo a sirke. A cikin Vicks VapoRub, man bishiyar turare kashi 1.2 ne kawai cikin 100, tare da kafur da mantol, kuma kamfanin ya rubuta cewa kada a shafa wa yaron da bai kai shekara 2 ba.

### Sauran amfani

Man yana narkar da danƙo da maiƙo, don haka ana goge ragowar gam da tabon mai da shi, ana kuma sa shi a wasu sabulan wanki da na goge ɗaki. Ruwan kurkure baki na Listerine yana ɗauke da yukaliftol ƙasa da kashi ɗaya cikin 1,000.

## Abin da bincike ya nuna

Toshewar hanci. A cikin hanci akwai jijiyoyin da ke jin sanyi, kuma sineyol da mantol suna motsa su ko da iskar ba ta yi sanyi ba. Ƙwaƙwalwa kan fassara wannan sanyin a matsayin iska na shiga sosai. Wani bincike da Ronald Eccles da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 1983 ya auna hancin mutane kafin su shaƙi tururin kafur da yukaliftus da mantol da kuma bayan sun shaƙa. Mutanen sun ce hancinsu ya buɗe, amma ma'auni ya nuna hanyar iskar ba ta ƙara faɗi ba. Wato sauƙin da ake ji na gaskiya ne a wajen mai jin sa, yana kuma iya taimaka masa ya yi barci, amma kumburin cikin hancin yana nan.

Tari da majina. A shekarar 2014 kwamitin magungunan tsirrai na Hukumar Magunguna ta Turai ya amince da man a matsayin maganin gargajiya na tarin mura da na ciwon tsoka a wuri guda. Amincewar ta dogara ne a kan daɗewar da aka yi ana amfani da shi, ba a kan manyan gwaje-gwajen asibiti ba. A Jamus ana sayar da tataccen sineyol a cikin kafso. Wani gwaji da aka wallafa a 2004, wanda ya ƙunshi mutum 152 masu kumburin kogunan hanci, ya nuna cewa waɗanda suka sha miligiram 200 sau uku a rana sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka ba kafson da babu magani a ciki. Sai dai wannan magani ne da aka auna, aka kuma lulluɓe shi yadda ba zai narke ba sai a hanji. Sakamakonsa bai zama hujjar shan man kwalba ba.

Ƙwayoyin cuta. A ɗakin gwaji, man yana hana wasu ƙwayoyin bakteriya da na fangas yaɗuwa idan ya taɓa su kai tsaye. Wannan bai nuna cewa ƙamshinsa a ɗaki yana warkar da cutar da ke cikin jiki ba. Man ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro, taifot, tarin fuka ko ciwon huhu na namoniya, kuma dogaro da shi a irin waɗannan cututtuka yana jinkirta zuwa asibiti.

Korar sauro. A nan ana yawan cakuɗa abubuwa biyu. Daga irin mai ƙamshin lemun tsami ana sarrafa wani maganin sauro na shafawa mai ɗauke da sinadarin da ake taƙaita sunansa da PMD. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi masa rajista a shekarar 2000, cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar kuma ta sa shi cikin waɗanda take ba da shawara a 2005, tare da gargaɗin kada a shafa wa yaron da bai kai shekara 3 ba. Ɗanyen man da ba a sarrafa ba yana da PMD kaɗan ne, kuma cibiyar ba ta amince da shi a matsayin maganin sauro ba. Kunna na'urar ƙamshi ba ya maye gurbin gidan sauro mai magani.

## Haɗari

### Sha

Jiki yana tsotse man da sauri daga ciki, ya kai shi ƙwaƙwalwa. Alamun guba kan bayyana cikin minti 30, wani lokaci kuma sai bayan wasu awanni. Sun haɗa da zafi a baki da maƙogwaro, amai, ciwon ciki, jiri, tangaɗi, sarƙewar magana, barci mai nauyi, jijjiga da doguwar suma. Numfashin mutumin yakan riƙa ƙamshin man.

Likita James Tibballs ya yi nazarin yara 109 da aka kai babban asibitin yara na Malbon tsakanin 1981 da 1992 bayan sun sha man. Kashi 59 cikin 100 sun nuna alamun guba. Ya gano cewa mililita 2 zuwa 3 na tsagwaron man kan sa yaro ya fara fita hayyacinsa, daga mililita 5 kuwa abin kan yi tsanani. A manya, an sami rahoton mutuwa bayan shan mililita 4 zuwa 5, ko da yake wasu sun rayu bayan shan abin da ya fi haka.

Cibiyar ba da shawara kan guba ta jihar New South Wales a Ostireliya ta karɓi rahoto 4,412 a kan tatattun mayuka masu ƙamshi tsakanin 2014 da 2018. Kashi 46 cikin 100 na man bishiyar turare ne, kuma kashi 63 na waɗanda abin ya shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yawanci kuskure ne, har da inda aka ɗauki kwalbar a matsayin ta maganin tari. Wani binciken da aka yi a jihar Biktoriya a shekarun 1990 ya nuna cewa mafi yawan ƙananan yaran da suka sha man, daga na'urar tururi da aka ajiye a ɗaki suka same shi, ba daga kwalba ba.

### Jarirai da ƙananan yara

Hukumar Magunguna ta Turai ta hana amfani da man ga yaron da bai kai wata 30 ba, saboda sineyol na iya sa maƙogwaronsa ya shaƙe farat ɗaya, numfashi ya tsaya. Ta kuma hana shi ga yaran da suka taɓa yin jijjiga, ko ta zazzaɓi ce ko ba ta zazzaɓi ba. Ba a shafa shi a fuska ko ƙarƙashin hancin ƙaramin yaro. Fata ma tana tsotse man: an wallafa labarin wata yarinya 'yar shekara 6 a Ostireliya a 1998, wadda ta fita hayyacinta bayan an shafe mata yawancin jiki da haɗin da ke ɗauke da shi.

### Farfaɗiya da asma

A shekarar 2017 likitocin ƙwaƙwalwa a birnin Bangalo na Indiya sun wallafa bayanin mutum 10 da suka yi jijjiga jim kaɗan bayan amfani da man, yawancinsu ta hanyar shaƙa. Don haka ake shawartar masu farfaɗiya su nisance shi. Ga masu asma, ƙamshi mai ƙarfi na iya tayar da ciwon, kuma man ba ya maye gurbin maganin shaƙa da likita ya rubuta.

### Masu ciki da masu shan magani

Hukumar ta Turai ba ta ba da shawarar masu ciki da masu shayarwa su yi amfani da man a matsayin magani ba. Sineyol yana kuma iya ƙara wa hanta saurin sarrafa wasu magunguna, wanda kan rage musu ƙarfi. Mai shan magani na dindindin ya kamata ya sanar da likita ko mai haɗa magunguna idan yana yawan amfani da man.

### Dabbobin gida

Bishiyar turare da manta guba ne ga kyanwa, kare da doki. Kyanwa ta fi shiga haɗari, domin hantarta ba ta iya sarrafa irin waɗannan sinadarai da kyau, kuma takan lashe abin da ya sauka a gashinta. Tsuntsayen keji ma ba sa jure ƙamshi mai ƙarfi a rufaffen wuri. Alamun guba a dabba sun haɗa da dalalar da miyau, amai, zawo da kasala.

## Taimakon gaggawa

Idan yaro ko babba ya sha man:

- A kai shi asibiti nan take, ko da bai nuna wata alama ba, a tafi da kwalbar.
- Kada a sa shi yin amai. Man na iya faɗawa huhu ya ƙona shi, kamar yadda kalanzir ke yi.
- Kada a ɗura masa manja, madara ko ruwan gishiri. Ba sa karya gubar, kuma suna iya jawo amai ko shaƙewa.
- Idan barci ya fara ɗaukar sa, a kwantar da shi a gefensa, kada a ba shi komai ta baki.

Babu wani makari na musamman ga wannan guba. A asibiti ana lura da numfashi, a tsayar da jijjiga, a tallafa wa jiki har ya fitar da man, kuma mafi yawan waɗanda aka kai da wuri sukan warke sarai. Idan man ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na kimanin minti 15. Idan ya zuba a fata, a cire tufafin da ya jiƙe, a wanke wurin da sabulu da ruwa.

## Saye da ajiya

Ingantaccen mai yakan zo a kwalbar gilashi mai duhu, da ɗan bakin da ke fitar da shi ɗigo-ɗigo, da murfi mai wuyar buɗewa ga yaro. A jikin kwalbar akan rubuta sunan kimiyya na itaciyar, ƙasar da aka yi shi da ranar lalacewa. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke yi wa magunguna da kayan shafa rajista, kuma lambarta kan fito a jikin kayan da ta amince da su. Man da aka ɗura a kwalba marar rubutu ba a iya sanin irinsa ko abin da aka gauraya masa.

Zafi, haske da iska suna canza sinadaran man a hankali, kuma tsohon mai ya fi sa fata ƙaiƙayi. Don haka akan ajiye shi a rufe ruf, a wuri mai sanyi da duhu, nesa da murhu. Ba a juye shi a robar ruwa ko tsohuwar kwalbar maganin yara, ba a kuma ajiye shi tare da magungunan sha ko kayan girki. Ruwan da ya rage a kwanon sirace ko a cikin na'urar ƙamshi akan zubar da shi da zarar an gama, domin man yana taruwa ne a samansa, inda kurɓar farko za ta kwashe shi.

## Duba kuma

- Bishiyar turare
- Sirace
- Kafur
- Mura
- Man zaitun
- Kanumfari